Kaskon Turare a Motar Hajiya

Tabon nan da ke tafin hannuna na dama, tun kuna ƙanana kuke tambayata labarinsa, ni kuma ina ce muku wutar gareji ce. To ba wutar gareji ba ce, kaskon turare ne. Na so in tafi kabarina da maganar, sai ga shi bara da muka je nema wa Nura aure, dangin yarinya suka shiga bincike, wani mai dogon baki ya je ya ce musu ai uban yaron nan satar fetur ya yi a Abuja aka kore shi daga aiki. An dai ɗaura auren, alhamdu lillahi, amma na ga idon Nura ranar da maganar ta dawo kunnensa. Bai tambaye ni ba, kunya ta hana shi. Shi ya sa na zauna nake rubuta muku yadda aka yi, ku karanta ku ajiye wa 'ya'yanku. Ni Isyaku ba korata aka yi ba, kuma ban taɓa zuƙar man kowa ba.

A lokacin soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, kuɗi kuma ya shigo Abuja ta ko'ina. Duk inda ka waiwaya rodi ne da siminti, wanda ka bari jiya yana jiran bas yau sai ka gan shi ya sauke gilashi yana ɗaga maka hannu. Ni ina tuƙi a gidan wani darakta na wata ma'aikatar tarayya. Ya riga mu gidan gaskiya, don haka Alhaji kawai zan ce masa. Mutumin kirki ne, boko ya ratsa shi, ba ya faɗa ba ya zagi, amma kuma bakinsa ba ya iya furta ban haƙuri ko da wuƙa a wuyansa. Motar ofis tana da direbanta na gwamnati. Ni motar gida nake ja, wata ƙatuwar 'yar Kwatano mai ruwan toka da ya saya wa Hajiya. Ni da Innarku an ba mu ɗaki biyu a bayan gidan, ga famfo a ƙofa, ga wuta, in an ɗauke a tayar da janareta. Tana da keken ɗinkinta, matan unguwa suna kawo mata aiki har sai ta ce ya isa. Kafin in riƙe sitiyari kuwa, sai da na yi shekara bakwai a ƙarƙashin mota a wani gareji a garinmu. Ku riƙe wannan, don shi ne ya cece ni, shi ne kuma ya fitar da ni daga gidan.

Shekarar da mahaifina ya rasu na tafi gida na yi mako biyu. Da na dawo na karɓi mukulli, tun ranar farko hancina ya gaya mini akwai magana. Wari ne na fetur, ba mai yawa ba, irin wanda za ka ce ko daga gidan mai ya biyo ka. Na share. Bayan kwana kaɗan Hajiya ta aike ni Kado sayen kifi saboda Alhaji zai yi baƙi. Na biya na cika tanki, na sayo kifin, na ajiye shi a ƙasan kujerar baya don but ɗin cike yake da kayan wanki. Ina shiga da shi kicin, Sande kukun gidan, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya buɗe leda ya sunsuna, ya ɗago ya kalle ni.

"Oga Isyaku, wannan kifi ya sha fetur ne? Madam zai kashe ni fa."

Na yi dariya, ban san dariyar tawa ta ƙarshe ke nan a kicin ɗin ba. Ya wanke kifin da lemon tsami, ya zuba masa yaji iya ƙarfinsa, duk da haka baƙi suka ɗanɗana suka ture. Hajiya mace ce mai tsabta da son ƙamshi, tana da mai haɗa mata turaren wuta tun daga Maiduguri, labulen gidanta ma in ka goga sai ka yini kana ƙamshi. A ce a teburinta aka ture abinci saboda wari, wannan a wurinta mari ne a bainar jama'a.

Daga nan sai aka fara lura da abin da ni ma na lura da shi, cewa warin yana tashi ne ranar da na sha mai. Ni na karanta abin ta wata fuska, su kuma suka karanta ta wata. Wata ƙawar Hajiya ta ce mata ai haka nata direban ya yi mata, ranar da aka cika tanki ranar yake ratsewa lungu ya zura tiyo ya zuƙe a jarka, shi ya sa mota take wari, shi ma yake wari. Ba a faɗa mini a fuska ba. Sai dai na ga in zan je gidan mai an haɗa ni da Sande, wai zai sayo burodi. Na ga Hajiya in ta shigo mota ba ta fara kallon hanya sai ta leƙa allurar mai. Wata rana na dawo daga masallaci na tarar an buɗe but an ɗaga har tayar safaya. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ni da ake ba wa mukullin gida in za su Umara, yau ni ake bi ana sunsunawa.

Na ce ruwa ba ya tsami banza, zan nemo abin nan ko don sunana. Na fara da murfin tanki, don shi ne ƙaramin ɓarawo, in robarsa ta tsage sai tururi ya riƙa fita. Lafiyarsa ƙalau. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da yamma, da safe na jawo, ba ɗigo ko ɗaya. Na buɗe bonet na bi tiyon mai ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina taɓawa ina sunsunawa, duk a bushe. Na tayar da ita na tsuguna a bakin salansa ko tana jefar da ɗanyen mai, babu baƙin hayaƙi, fulogi kuma da na kwance su fes suke. Wannan binciken ma ƙara mini laifi ya yi, don kullum hannuna yana warin mai. Sai na koma sauraron motar a hanya. Na lura warin daga baya yake zuwa, ba daga gaba ba. Na lura in na sha shataletale da cikakken tanki sai ya taso ya bugi hanci, in kuma allura ta sauko rabi sai ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin mota ya san ma'anar wannan: ɓular tana saman tanki ne, inda mai ba ya kaiwa sai an cika. Ni kuwa a zatona sai an hau rami an sauke tankin gaba ɗaya kafin a gani.

Na sami Alhaji yana shirin fita ofis na ce masa, Yallaɓai, a ba ni motar nan yini ɗaya in kai ta gareji, akwai yoyo a saman tanki kuma ba abin wasa ba ne. Ya ce in yi magana da Hajiya, motarta ce. Na je na durƙusa na gaishe ta na maimaita. Ta ce makon nan biki gare ta, ba ta da yinin da za ta bayar. Har na miƙe sai ta ƙara da wata magana ba tare da ta kalle ni ba.

"Isyaku, ka daina abin da kake yi, warin zai daina da kansa."

Na haɗiye. Na koma ɗaki na gaya wa Innarku, ta ce in yi haƙuri, mai gaskiya ba ya taɓewa, in bari bikin ya wuce.

A nan dole in faɗi nawa laifin, don ban zauna rubutun nan domin in wanke kaina da ƙarya ba. Mu direbobin da muka sha layin mai a shekarun wahala muna da wata ɗabi'a. In famfo ya tsaya, alamar tanki ya cika, ba ma yarda. Sai mu dafa mota mu yi ta jijjiga ta, mai ya zauna, a ƙara, mu sake jijjigawa, har sai mun ga fetur yana ƙyalli a bakin tanki. Gani muke dabara ce. Mai ya wadata, layi ya ƙare, amma hannunmu bai daina ba. Ranar Asabar ta yinin bikin, da safe, haka na yi. Na jijjiga motar nan har mai gidan man yana yi mini tsiya wai ko Makka za ni a ƙasa. Ashe da hannuna nake tura man zuwa inda ɓular take.

Na dawo na wanke mota na goge ta, na ajiye ta a inuwa, na tafi sallar azahar. Kafin in dawo ƙawayen Hajiya uku sun iso, sun sha leshi da gwala-gwalai, suna falo suna jira. Ina shigowa geti na hango gilasan motar a rufe, cikinta ya yi fari fat. Na ɗauka idona ne. Da na matso sai na ga hayaƙi ne, ga kasko a ƙasan kujerar baya, garwashi jajir, an zuba masa turare. Hajiya ce ta sa aka ajiye, kamar yadda ake turara ɗakin amarya a rufe ƙofa, don kada leshin ƙawayenta ya ɗauki wari. A saninta maganin wari shi ne ƙamshi, kuma duk rayuwarta hakan yana yi mata aiki. Ban tsaya neman tsumma ba. Na yi salati, na buɗe ƙofar a hankali don kada iska ta hura garwashin, na sa hannu na ɗauko kaskon, na yi gudu da shi har bakin katanga na kife shi a cikin furanni. Kaskon ƙarfe ne. Sai da na sake shi na ji hannuna, fatar tafin ta bi shi.

Ƙarar faɗuwar kaskon ce ta fito da su. Hajiya ta ga turarenta a ƙasa, furanninta suna hayaƙi, ƙawayenta a bayanta suna kallo. Ga maigadi, ga Sande, ga Alhaji ya leƙo daga bene da jarida a hannu. A gaban waɗannan duka ta faɗi abin da aka daɗe ana ɓoyewa.

"Ka sace mana mai mun yi shiru, yanzu kuma rashin kunya za ka yi mini a gaban baƙi? Ɓarawon mai kawai. Tayar da mota mu tafi."

Na ce, Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma motar nan yau ko Alhaji ne ya ce in tayar ba zan tayar ba. Lokacin da na sunkuya ɗaukar kaskon gwiwata ta dafa kafet ɗin gindin kujera, na ji sanyi ya ratsa wandona. Na nuna musu wurin, jiƙe yake. Sai Sande ya matso yana sosa ƙeya, ya ce ai lokacin da na tafi gida mota ta mutu musu a hanya, wani makanike na bakin titi ya cire wannan kujera ya canza famfon mai. Wallahi ji na yi kamar an kunna fitila a kaina. Ashe irin wannan motar ba sai an sauke tanki ba, famfon yana da murfi a ƙarƙashin kujerar baya. Mako nawa ina nema, ba wanda ya ga dalilin gaya wa direba an taɓa motarsa.

Na sa Sande ya buɗe ƙofofi huɗu, na ce kada wanda ya kusato da ashana ko waya. Da hannun hagu na cire kan batir. Na ɗaga kujerar, sosonta ya yi nauyi kamar an tsamo shi daga rijiya. Na kwance faifan ƙarfen da ke ƙasa da sifana, sai ga fetur kwance a kewayen murfin famfo, ya yi ɗan tafki yana sheƙi. Robar da ya kamata ta toshe bakin murfin babu ita. Da alama ta yage a hannun mutumin, shi kuma maimakon ya nemo wata, sai ya yanko tiyub ɗin taya ya zagaya, ya shafe gefen da sabulu. Sabulu yana riƙe yoyo yini ɗaya ko biyu har ka isa gari, wannan kowane ɗan hanya ya sani. Tiyub kuwa fetur cinye shi yake yi. Na zaro shi ya kumbura ya yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi. Tsakanin wannan tafki da inda kaskon ya zauna bai kai taƙi biyu na hannu ba. Ɗaya daga cikin ƙawayen ta dafe ƙirji tana salati. Hajiya ta juya ta shige gida. Motar ofis ce ta kai su bikin.

Innarku ta fasa ƙwai ta shafa mini a hannu tana kuka tana yi mini faɗa, daga baya dai sai da muka je asibiti aka naɗe. Da naɗaɗɗen hannun na hau bas zuwa Zuba na sayo robar murfin ta asali. Na kwashe man da ya kwanta da tsumma, na kankare sabulun tas, na zaunar da robar, na ɗaure notunan ɗaya nan ɗaya can don murfin ya zauna daidai. Soson kujerar kwana uku yana shan rana. Na zuba mai rabi na zagaya, na cika na sake zagayawa, na sha shataletale sau uku da gangan, sannan na ɗaga kujera na shimfiɗa farar takarda a kan murfin. Ta fito a bushe. Daga ranar kuma ban sake jijjiga mota a gidan mai ba, in famfo ya tsaya na tsaya.

Bayan kwana biyu Sande ya kawo mini shadda mai tsada a leda, wai inji Madam. Alhaji kuma ya kira ni falo ya ce ya ga ƙoƙarina, zai ƙara mini albashi. Na yi godiya. Na ce, Yallaɓai, abu ɗaya nake roƙo. A gaban maigadi da kuku da baƙi aka kira ni ɓarawo. Baƙi sun tafi, amma maigadi da kuku suna nan. A tara su a ce musu ban ɗauki komai ba, shi ke nan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sannan ya ce:

"Isyaku, ai magana ta wuce. Kowa ya ga abin da ya faru. A bar tone-tone."

Na san ba mugunta ba ce. In ya faɗa, ya ƙaryata matarsa a gaban 'yan aiki, shi kuma ba zai iya ba. Amma ni ma akwai abin da ba zan iya ba. Maigadi ya riga ya kai labarin ɓarawon mai majalisar masu gadin layin, labarin kujera kuwa bai da daɗin bayarwa, a geti ya tsaya.

Innarku tana da cikin Safiya wata shida a lokacin. Da na gaya mata zan ajiye mukulli, ta tsayar da keken ɗinki. Ta ce in duba halin da take ciki, in duba famfon nan da wutar nan, ta ce Allah ya san gaskiyata, ita ma ta sani, me ya rage? Na ce mata saura 'ya'yana. Ta share hawaye ta ce:

"To Malam, in ka tashi mun tashi. Amma ka sani kai za ka fita da sunanka, ni zan fita da tulu."

Haka kuwa aka yi. Da safe na mayar da shaddar, na ajiye mukulli a teburin Alhaji, na yi musu sallama ta mutunci. Muka kama ɗaki ɗaya a Tungan Maje, ba wuta, ruwa sai rijiyar maƙwabta. Da tsohon ciki Innarku take jan guga. Masu kawo mata ɗinki ba wadda ta biyo ta, wa zai baro cikin gari ya zo bayan Zuba saboda ɗinkin zani? Keken ma daga baya sayar da shi muka yi na sayi jak da akwatin sifanu, na kafa rumfa a bakin titin Gwagwalada. Garejin da kuka tashi kuka gani da ramuka uku da ma'aikata, daga wannan rumfar ya fara, kuma da kekenta aka kafa shi. Direbobin hanya suka sa mini suna Mai Hanci, don in mota ta shigo tana wari, kafin a kashe ta na faɗi inda yoyon yake. Ban taɓa nadamar fitata ba, yau ma aka maimaita haka zan yi. Sai dai ni na yanke hukunci, ita ta biya, kuma ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Abin da kawai takan ce, in aka ambaci gidan, shi ne tana so kafin ta mutu ta ji sun faɗa da bakinsu.

Shekaru suka tafi. Wata rana Sande, ya yi furfura, ya zo gareji ya ce mini Alhaji ya rasu. Na yi wanka na tafi ta'aziyya. Bayan na gaisa da maza a waje aka ce Hajiya ta ji na zo, in shigo. Na tarar da ita a kan tabarma cikin takaba, ta rame, falo cike da mata, 'ya'yanta da jikokinta a gefe, tsohon maigadin nan ma yana bakin ƙofa. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta ce in buɗe hannuna. Na buɗe. Ta kalli tabon, sannan ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Wannan shi ne Malam Isyaku. Bai taɓa ɗaukar mana ko ɗigon mai ba, ni ce na yi masa ƙazafi. Da ba don hannun nan ba, da ni aka riga yi wa wannan zaman. Malam, ka yafe mini."

Na ce na yafe, duniya da lahira. Ta tambaye ni ina maiɗakina, mai ɗinkin nan. Na ce mata watanta bakwai da rasuwa.

Na hau mota na kamo hanyar Tungan Maje da maganar a bakina, ina ta juya yadda zan faɗe ta, har na manta. Sai da na tura ƙofar gida na yi sallama na ji shiru, sannan na tuna. Na zauna a bakin gadonta na daɗe. Ita ta ja guga saboda maganar nan, ni aka faɗa wa. Tun da ba ta samu ta ji ba, ku da kuka sha nononta ku ji a madadinta.